Yadda Iyali Za Su Tsara Gida da Abinci Idan An Gano Cutar Siliyak

Tambayar da iyaye da ma'aurata suka fi maimaitawa game da cutar siliyak ita ce: likita ya ce a raba mai cutar da duk abincin da ke da sinadarin gulutin, to daga ina za a fara, kuma yaya za a yi da sauran mutanen gida? Gulutin furotin ne da ke cikin alkama da sha'ir da hatsin rai (rye a Turance). A jikin mai siliyak, duk lokacin da ya shiga ciki sai garkuwar jiki ta afka wa bangon ƙaramin hanji, ta lalata 'yan tsirran da ke tsotse amfanin abinci. Cutar tana kama kimanin mutum 1 cikin 100, kuma ba ta da wani magani sai ƙaurace wa gulutin har ƙarshen rayuwa. Ciwon a cikin mutum ɗaya yake, amma tukunya da ludayi da kantar ajiya na kowa ne, saboda haka aikin ya hau kan gida gaba ɗaya. A bi matakan nan a jere yadda suka zo, domin akwai waɗanda idan aka tsallake su, komawa baya yana da wuya.

Mataki na 1: A tabbatar da cutar kafin a taɓa abinci

Kuskuren da ya fi yawa shi ne iyali su ga gudawa da ta ƙi tsayawa, ko kumburin ciki, ko rama, ko ƙarancin jini da ya ƙi jin magani, ko yaro ya tsaya da girma, sai su cire alkama daga abinci da kansu, daga baya su nufi asibiti. Gwajin jinin da ake fara yi, mai suna tTG-IgA, yana neman sinadaran kariya ne da jiki ke fitarwa idan yana faɗa da gulutin. Idan an yi makonni ba a ci gulutin ba, sinadaran sukan ragu, hanji ya fara farfaɗowa, sakamako ya fito lafiya lau alhali cutar tana nan. Don haka a ci gaba da cin abinci yadda aka saba har sai an kammala dukan gwaje-gwaje.

Likita yakan haɗa da auna yawan IgA, wato nau'in sinadarin kariyar da gwajin ke dubawa, gaba ɗaya, domin akwai mutanen da jikinsu ba ya samar da isasshensa, kuma a irinsu gwajin farko yakan ɓoye cutar. Idan jini ya nuna, a manya akan zura siririn bututu mai kyamara ta baki zuwa farkon ƙaramin hanji, a gutsuro ɗan nama ƙanƙane a duba. A yara kuwa, ƙa'idar da ƙungiyar likitocin hanjin yara ta Turai ta fitar a 2020 ta yarda a tabbatar da cutar ba tare da zura bututu ba, idan sakamakon jini ya ninka iyakar lafiya sau 10 ko fiye, kuma wani gwaji mai suna EMA ya gaskata shi a jini na biyu.

Gargaɗi: wanda ya riga ya daina cin gulutin sai ya koma cinsa kullum na aƙalla makonni 6 kafin gwajin jini ya zama abin dogaro, kuma wannan da sanin likita ake yin sa. Wasu sukan ce tunda sun ji sauƙi, gwaji ba shi da amfani. Yana da amfani ƙwarai, domin tsananin kiyayewar da ake buƙata a siliyak ya fi na wanda alkama ke damun cikinsa kawai, kuma takardar likita ce za ta tsaya muku a makaranta da asibiti shekaru masu zuwa.

Mataki na 2: A gwada makusanta na jini

Iyaye da 'ya'ya da 'yan'uwan da suka fito ciki ɗaya da mai cutar suna cikin haɗari fiye da sauran mutane, kimanin 1 cikin 10 daga cikinsu yakan kasance yana da ita, kuma da yawa ba su da wata alama ko kaɗan. A yi musu gwajin jini tun gida yana kan tsohon abincinsa, saboda dalilin da aka faɗa a mataki na farko. Sakamako mai kyau a yau ba ya rufe magana, domin cutar tana iya tasowa a kowane shekaru. A tambayi likita lokacin da ya dace a maimaita, musamman ga yara masu tasowa. Akwai kuma gwajin ƙwayar gado, HLA-DQ2 da HLA-DQ8. Wanda ba shi da ko ɗaya daga cikinsu da wuya ya kamu, wanda kuma yake da shi ba lallai ne ya kamu ba, domin mutane masu yawa suna ɗauke da shi lafiya ƙalau. Idan akwai jariri a gida, jinkirta ba shi abincin alkama ba ya hana cutar zuwa, don haka kada a hana shi sai da umarnin likita.

Mataki na 3: A zauna a yanke tsarin gida

Kafin a sayi ko cokali ɗaya, manyan gida su zauna su zaɓi ɗaya daga cikin hanyoyi biyu. Ta farko ita ce a fitar da gulutin daga gida gaba ɗaya, kowa ya ci abin da mai cutar ke ci, masu sha'awar alkama su ci ta a waje. Wannan ta fi kwanciyar hankali, musamman idan mai cutar ƙaramin yaro ne da ke tsintar abin da ya gani a ƙasa, ko idan masu cutar sun kai biyu. Ta biyu ita ce kicin na haɗaka, inda abinci iri biyu ke zama a ƙarƙashin dokoki. Ta fi sauƙi ga aljihu, amma tana buƙatar kowa ya kiyaye, har da baƙo da mai aiki.

A ganina, mafi dacewa ga yawancin iyalai ita ce hanya ta tsakiya. Babban abincin da ake haɗuwa a ci, na rana da na dare, ya zama marar gulutin ga kowa, ta yadda tukunya ɗaya za a ɗora, kuma ba za a ware mutum ɗaya da kwanonsa a gefe ba. Burodi da biskit na sauran mutanen gida su samu lungu guda da ba sa ƙetarewa. Ɗanyar fulawar alkama kuwa a sallame ta daga gida ɗungum, domin garinta yana tashi a iska idan ana tankaɗe ko kwaɓi, ya sauka a kan kwanuka da murhu da abincin da aka bari a buɗe, kuma babu mai iya bin sawunsa.

Yana da kyau kowa ya san girman abin da ake magana a kai. A wani bincike da likita Carlo Catassi ya jagoranta a Italiya, aka buga a 2007, an ga cewa miligiram 50 na gulutin a kullum tsawon kwana 90 ya isa ya taɓa hanjin masu siliyak. Yanki ɗaya na burodi yana ɗauke da kimanin giram 2, wato miligiram 50 ɗin bai wuce ɓurɓushin da ke zuba a kan faranti ba. Duk wanda ya fahimci wannan ba zai ƙara cewa ɗan kaɗan ba ya komai ba.

Mataki na 4: A tantance abin da ke cikin kanta da firji

A ware rana guda, a fito da komai, a kasa shi kashi uku.

Kashi na farko shi ne abin da Allah ya halitta ba shi da gulutin: shinkafa, masara, gero, dawa, kinuwa (quinoa), dankali, rogo, doya, wake da danginsa, gyaɗa, nama da kifi da ƙwai da ba a sarrafa ba, madara, man girki, kayan lambu, 'ya'yan itatuwa, gishiri da sukari. Wannan kashi ya fi yawa nesa ba kusa ba, kuma a kansa za a gina girkin gida.

Kashi na biyu shi ne abin da aka haramta wa mai cutar: fulawar alkama da duk abin da aka yi da ita, burodi, taliya, biskit, kek, samolina, kuskus, bulgur, sha'ir, hatsin rai, da duk abin sha ko abin karin kumallo da aka sa wa malt, domin daga sha'ir ake samo shi.

Kashi na uku shi ne wanda ake shakka, kuma a nan ne aka fi faɗawa: dunƙulen ɗanɗano, haɗin kayan ƙamshi na gari, miyar gwangwani ko ta fakiti, soya sos, sosej da niƙaƙƙen naman da aka haɗa a kamfani, cakulan, alewa, ayis kirim, da yogot mai gauraye. Sau da yawa akan sa musu fulawa domin kauri ko ƙarin auki. Kada a ba mai cutar ko ɗaya daga cikinsu sai an karanta takardar jikinsa kamar yadda za a bayyana a mataki na 7. Duk kwalbar bota ko jam ko man gyaɗa da aka taɓa tsoma wuƙar burodi a cikinta ta koma ta masu cin alkama, a buɗe wa mai cutar sabuwa.

Gargaɗi game da niƙa: hatsin da ba shi da gulutin yana iya gurɓata a injin da aka niƙa alkama, ko a buhun da aka taɓa zuba fulawa, ko ta hanyar ma'aunin da mai sayarwa ke tsomawa a kowane mazubi. Mafi aminci shi ne a sayi hatsi da ƙwayarsa, a tsince shi a faranti mai faɗi, a wanke, a shanya, a niƙa a injin gida da ba a taɓa sa masa alkama ba. Idan gari za a saya, a nemi wanda aka rufe daga kamfani da shaidar ba shi da gulutin.

Gargaɗi game da hatsin ot (oats): shi kansa yawancin masu siliyak suna jure shi, amma kusan kullum yana cakuɗuwa da alkama ko sha'ir tun daga gona. Sai wanda aka rubuta cewa ba shi da gulutin, kuma ko shi akwai 'yan tsiraru da ba ya karɓar su, don haka a tuntuɓi likita kafin a fara.

Mataki na 5: Kayan aikin da za a sabunta da waɗanda za a riƙe

Ba sai an zubar da kayan kicin duka ba. Wuta ba ta kashe gulutin, domin shi ba ƙwayar cuta ba ne, amma sabulu da ruwa da cuɗa sosai suna fitar da shi daga duk abin da yake da santsi. Tukwanen ƙarfe, faranti, kofuna, cokula da wuƙaƙe za su ci gaba da aiki ga kowa muddin ana wanke su da kyau.

Abin da ya kamata mai cutar ya samu nasa shi ne kayan da ke da ƙananan ramuka ko tsaga inda gari ke maƙalewa: matsamin tace taliya, rariya, katakon yanka, muciya da ludayin katako, abin murza kwaɓi, na'urar gasa burodi, da kaskon da cikinsa ya kakkarce. A zaɓi launi ɗaya, a ce ja, a sayi dukan kayansa da shi, ko a ɗaura musu jan zare, domin yaro ɗan shekara biyar da baƙon da ya zo jiya duk suna gane launi ba tare da dogon bayani ba. A ƙara da mazubai masu murfi, da alƙalamin rubutu a jikin roba, da soson wanke-wanke da tsumman goge hannu na daban. A kanta da firji, abincin mai cutar ya hau sama, na alkama ya koma ƙasa, saboda ɓurɓushi ƙasa yake zuba.

Mataki na 6: Tsarin girki na yau da kullum

Idan za a yi abinci iri biyu a rana ɗaya, a fara da marar gulutin, a zuba shi a rufe, sannan a taɓa ɗayan. Kafin a fara, a wanke hannu da sabulu, a goge teburin aiki da jiƙaƙƙen tsumma mai tsabta. Kowace tukunya da ludayinta, kuma ba a mayar da ludayin da ya shiga waccan cikin wannan ko da na juyawa ɗaya ne. Ruwan da aka dafa taliyar alkama ba a dafa wani abu da shi. Man da aka soya abin da aka turbuɗa a fulawa ko garin burodi ya gurɓata, don haka ba a soya wa mai cutar ko dankali a cikinsa. A tanda, abincin mai cutar ya zauna a layin sama, a rufe ko a shimfiɗa masa takardar gashi.

Wajen kaurara miya, garin masara ko na dankali ko na shinkafa yana maye gurbin fulawa ba tare da wani ya lura ba. Gashi ne ya fi ba da wahala, domin gulutin ne ke ba kwaɓi danƙo ya riƙe iska ya tashi. Gari guda ɗaya ba ya yin wannan aiki shi kaɗai. Akan haɗa garin shinkafa ko na dawa da sitacin rogo ko na dankali, a sa ɗan abin ɗaurewa kamar zantan gam ko ɓawon siliyum. Kwaɓin yakan fi na alkama ruwa-ruwa, kuma burodin yakan bushe da wuri, saboda haka a yanka shi a sa a firiza, a riƙa ciro abin da za a ci. Shawarata ita ce kada a fara da burodi a watan farko. A fara da abincin da iyali suka saba ci wanda dama babu alkama a cikinsa, a rubuta guda 10 a manna a jikin firji, a riƙa juya su har hankali ya kwanta.

Mataki na 7: Karanta takardar jikin kaya

Ma'aunin da yawancin ƙasashe ke bi shi ne na hukumar ƙa'idojin abinci ta duniya, Codex Alimentarius: ba a kiran abinci marar gulutin sai idan abin da ke cikinsa bai wuce miligiram 20 a kowane kilo ba. Tarayyar Turai tana kan wannan ma'auni, Amurka ma ta fara aiki da irinsa a 2014, Ostareliya da Niyu Zilan kuwa sun fi tsanantawa, domin sun ce kada gwaji ya gano gulutin ko kaɗan. Kayan da ke da tambarin zangarniyar hatsi da aka ja wa layi sun bi ta hannun masu tantancewa.

Idan babu irin wannan shaida, sai a karanta jerin abubuwan da aka haɗa daga farko har ƙarshe. A haddace sunayen hatsin da harshen da aka buga takardar. A ta Turanci su ne wheat, barley, rye, oats, malt, spelt da triticale. Wanda ake rubutawa buckwheat ba alkama ba ne, kuma ba shi da gulutin. A lura cewa dokoki sun bambanta: a Turai dole ne a fito da sunan kowane hatsi mai gulutin ɓaro-ɓaro, amma a Amurka alkama ce kaɗai doka ta wajabta a bayyana a matsayin abin gargaɗi, sha'ir yana iya ɓuya a ƙarƙashin malt. Haka kuma rubutun da ya ce babu alkama ba daidai yake da babu gulutin ba.

Gargaɗi: kamfanoni suna canza haɗinsu ba tare da sanarwa ba, kuma kaya mai suna ɗaya yana iya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A karanta a kowane saye, ko da an shekara ana sayen abin. Idan an rubuta cewa mai yiwuwa ya taɓa alkama a masana'anta, kuma babu shaidar gwaji, barinsa ya fi. Magunguna yawanci ba su da matsala, amma a tambayi mai harhaɗa magani, kuma kada a daina shan maganin da likita ya rubuta saboda zato kawai. Gulutin ba ya ratsa fata, don haka sabulu da man shafawa ba abin tayar da hankali ba ne, sai abin da ke iya shiga baki.

Mataki na 8: Lissafin kuɗi

Kashe kuɗi iri biyu ne. Akwai na farko da ake yi sau ɗaya: gwaje-gwaje, ganin ƙwararre kan abinci, da 'yan kayan kicin na mataki na 5. Akwai kuma na kullum, kuma shi ne ke karya iyali idan ba a yi hattara ba, domin burodi da taliya da biskit marasa gulutin na kamfani sukan ninka na alkama tsada sau biyu ko fiye. Iyalin da suka ce sai sun maye gurbin kowane abin alkama da takwaransa na kanti za su gaji tun watanni ba su yi nisa ba. Bayan tsada, irin waɗannan kayan sau da yawa sitaci ne zalla da ƙarin mai da sukari, ba su da dusar da ke taimaka wa hanji, kuma ba kasafai ake ƙara musu ayon (sinadarin ƙarfe mai ƙara jini) da bitamin yadda ake yi wa fulawar alkama a ƙasashe da dama ba. A mayar da su abin marmari ko guzurin tafiya, a sa ƙarfin kuɗi a kan hatsi da wake da ƙwai da ganye. A riƙa sauya hatsi, kada a dogara ga shinkafa ita kaɗai safe da yamma. Wasu ƙasashe suna tallafawa: Italiya tana ba masu cutar wani kaso na kuɗin abinci kowane wata, Kanada tana ba da damar cire bambancin farashi daga haraji, wasu sassan Birtaniya kuma suna ba da burodi da gari da takardar likita. A bincika abin da ke akwai inda ake zaune, a kuma adana rasit.

Mataki na 9: Yaro da makarantarsa

A gaya wa yaro gaskiya daidai da shekarunsa: cikinsa ba ya shiri da alkama, ba laifinsa ba ne, kuma akwai abinci mai yawa da zai ci. Doka ɗaya za a fara koya masa, ita ce ba ya karɓar abinci daga hannun kowa sai ya tambayi babban da ya san halinsa. Idan ya fara karatu, a riƙa karanta takardar kaya tare da shi a kanti, domin ranar da zai yi saye shi kaɗai tana zuwa. 'Yan'uwansa ma a ba su aiki, wannan ya goge tebur, wancan ya kula da jan ludayi, kuma kada a riƙa ce musu saboda wane ne aka hana ku kaza, domin wannan yana shuka ƙiyayya a tsakanin yara.

A kai wa makaranta takardar likita tare da shafi ɗaya da ya bayyana abin da yake ci, abin da ba ya ci, da wanda za a kira idan ya yi rashin lafiya. A roƙi a bar shi ya fita bayan gida ba tare da dogon neman izini ba. A ajiye wa malami ɗan abin maƙulashe mai aminci domin ranar da wani ya kawo kek aji.

Gargaɗi: yumɓun wasa na yara irin Play-Doh da alkama ake yin sa, kuma ƙananan yara suna kai hannu baki. A nemi marar alkama, ko a tabbatar an wanke hannu har ƙarƙashin farce bayan wasa.

Matasa su ne suka fi karya doka, saboda ba sa son su bambanta da abokai, kuma wasunsu ba sa jin komai idan sun ci. Faɗa ba ya gyara wannan. A bar likita ya yi musu bayani su kaɗai, a kuma taimaka musu su gano abin da za su iya saye a wuraren da abokansu ke zuwa.

Mataki na 10: Dangi, taro da cin abinci a waje

Sau da yawa ba baƙo ne ke ba yaro biskit ba, kaka ce ko goggo, kuma ƙauna ce ke sa su. A same su tun kafin ziyara, cikin ladabi, a ce musu: “Mama, likita ya ce ko ɓurɓushin burodi yana ji masa rauni a hanji, ko da bai yi kuka ba. Ga abin da yake so kuma ba ya cutar da shi, idan kun tashi ba shi ku ba shi wannan.” Wanda aka ba abin da zai bayar ya fi saurin yarda da wanda aka ce masa kawai ya daina. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma duk dangin da ya gane ya zama ido na ƙari a kan yaron.

Idan za a je taro, a ci abinci daga gida ko a tafi da kwano, a kuma ɗebi abinci da wuri kafin cokula su cakuɗe. A gidan abinci, a kira tun da wuri a lokacin da ba su da cunkoso, a ce cuta ce ba zaɓi ba, a yi tambayoyi takamaimai: da me aka kaurara miya, a wane mai ake soya dankali, ana gasa burodi a inda ake gasa nama? Idan amsa ta zo da inda-inda, a zaɓi abu mafi sauƙi kamar farar shinkafa da ƙwai dafaffe, ko a tashi. A tafiya mai nisa, a nemi abincin jirgi marar gulutin aƙalla kwana 2 kafin tashi, a riƙe guzuri a jakar hannu, a kuma rubuta bayanin cutar a kati da harshen ƙasar da za a je.

Mataki na 11: Idan an yi kuskure

Zai faru, komai kiyayewa. Wasu sukan yi amai ko gudawa ko ciwon ciki cikin 'yan sa'o'i, wasu gajiya da ciwon kai na kwanaki, wasu kuma ba sa jin komai duk da cewa hanji ya taɓu. Babu maganin da ke warware gulutin bayan an ci, kuma ƙwayoyin da ake tallatawa cewa suna narkar da shi ba kariya ba ne ga mai siliyak. A sha ruwa sosai, a huta, a ci abinci mai sauƙi. Idan amai ya ƙi tsayawa, ko yaro ya daina fitsari, ko an ga jini, a tafi asibiti. Bayan an samu sauƙi, a bi diddigin inda kuskuren ya fito, a rubuta, a gyara tsarin da ya bar ƙofa a buɗe. Kada a mayar da abin shari'ar neman mai laifi, domin idan aka saba tsawata wa wanda ya faɗi gaskiya, gobe ɓoyewa zai yi.

Mataki na 12: Bibiya a asibiti

Cire gulutin ba ya nufin an gama da likita. A farko akan duba ayon, folik asid, bitamin B12, bitamin D da kalsiyam, domin hanjin da ya lalace ya daɗe ba ya tsotse su yadda ya kamata. Manya da dama akan auna musu ƙarfin ƙashi. A tambayi likita game da allurar rigakafin nimoniya, saboda a wasu masu cutar saifa ba ta aiki sosai, haka kuma game da gwajin ciwon tayirod (ƙullin da ke maƙogwaro) da ciwon sukari nau'i na 1, waɗanda sukan zo tare da siliyak. Wasu madara takan dame su a watannin farko, sannan ta daina idan hanji ya warke, don haka kada a yanke ta har abada ba tare da shawara ba. Ƙuraje masu ruwa da tsananin ƙaiƙayi a gwiwar hannu ko gwiwar ƙafa ko ɗuwawu suna iya zama fuskar cutar a fata, a nuna wa likita.

Akan maimaita gwajin jini bayan kimanin wata 6, sannan a wata 12, daga nan sau ɗaya a shekara. Alamomi sukan fara sauƙi cikin makonni, yara sukan murmure da sauri su ci gaba da girma, amma hanjin babban mutum yana iya ɗaukar shekara 2 ko fiye kafin ya warke. Jin sauƙi ba izinin komawa alkama ba ne, domin cutar ba ta tafiya da girma. Idan shekara ta zagayo sakamakon jini bai sauka ba, ko alamomi suka dawo, abin da aka fi samu shi ne gulutin yana shigowa ta wata kafa da ba a lura da ita ba. A rubuta duk abin da mai cutar ya ci da inda ya ci shi na tsawon mako 2, har da kayan ɗanɗano da magani da abin da ake ba shi a makaranta ko wurin aiki, a kai wa ƙwararre kan abinci ya bi shi layi-layi, kafin likita ya shiga neman wani dalili na daban.